Daga Utaibiyya Zuwa Ƙarƙashin Bahar Maliya

Aikin da na fara yi a tsibirin can wanki ne. Ba wankin zannuwan gado ba, wankin rigunan roba da baƙi ke sawa idan za su yi nutso. Da yamma jirgi zai dawo, a zube mini su a gaban kwamin siminti, baƙaƙe, masu nauyi kamar jiƙaƙƙiyar fatar saniya, kowace da irin warinta. In tsoma su a ruwan daɗi, in juya cikinsu waje, in rataye a inuwa, domin rana tana tsattsaga roba. Ku da kuke tura wa juna hotunana a waya kuna cewa gwaggonku Hala Maryam ta huta, aikinta wasa da kifi, to daga gindin wannan kwamin na fara. Ke ma Nujud, da kika ce in koya miki a hutun makaranta, matso nan ki ajiye wayar.

A nan unguwar Utaibiyya ta Makka aka haife ni, a lungun da ke bayan gidan burodi. Har na yi aure na haifi Sale, ruwan da na sani bai wuce na famfo da na Zamzam ba. Teku kuwa sai in an kai mu Jidda da salla, mu shimfiɗa tabarma can nesa da bakin ruwa, Inna tana riƙe da gefen rigata. Maigidana, Abu Sale, makanike ne. Aka ɗauke shi gyaran injin jirgin ruwa a wani ƙaramin masaukin masu hutu da ke kan tsibiri, kudu da Jidda, daga baya ya zama shi ke tuƙa jirgin. Da Sale ya yi wayo, na bar shi wurin Inna saboda makaranta, na bi mijina.

Tsibirin ba shi da girma. In kin fita bayan asuba za ki zagaye shi da ƙafa ki dawo ki tarar ba a sauke shayi ba. Ɗakunan katako ne a jere, sai farin yashi, sai tsuntsaye. Ba mota, ba hon. Ni da na saba da hayaniyar motocin alhazai, da farko shirun ƙara yake yi mini a kunne.

Mace ɗaya ce a wurin take kai baƙi ƙarƙashin ruwa, Kabtin Suhair, mutuniyar Masar, gajeriya, rana ta gasa ta har ta kusa kama ni baƙi. Matan da ke zuwa daga Jidda da Riyad da yawansu ba sa yarda namiji ya riƙe musu hannu a ruwa, don haka aiki ya yi mata yawa. Wata rana ta same ni na ware wani bututun numfashi a gefe.

Ta ce, "Wa ya ce ki ware wannan?"

Na ce, "Ba kowa. Na ga wuyansa ya fara tsagewa ne."

Ta lanƙwasa shi, ta duba, sannan ta dube ni. "Kin iya iyo?"

Na yi dariya na ce, "Ya Kabtin, ni 'yar cikin duwatsu ce."

Ta ce, "Tayyib, to madalla. Gobe bayan asuba ki same ni a bakin ruwa."

Na gaya wa Abu Sale ina tsammanin zai hana. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, sannan ya ce, "In dai ni ne a kan jirgin, ki je."

Ba ta bari na taɓa tulun iska ba sai da na iya kwanciya a kan ruwa kamar a kan katifa, abin da ya ɗauke ni watanni, ga ni na haura shekara talatin. Ranar da ta ɗora mini tulun a baya, muka durƙusa a kan yashi inda ruwa ya ɗan rufe kai. Na ciji robar da ke bakina, iska tana nan, amma ƙirjina ya ƙi ja. Jikin ɗan Adam bai yarda ana numfashi a cikin ruwa ba, sai an lallashe shi. Da na saba, sai ta fara yi mini abin da na ɗauka mugunta ce. Muna tafiya lafiya ta fizge mini tabarau, ruwan gishiri ya cika mini ido da hanci. Wani lokaci ta zagayo ta bayana ta murɗe kan tulun, in ja numfashi in ji wayam. Na taɓa fitowa ina kuka na ce na fasa. Ta ce, "Ya Maryam, ni ina yi miki ina kallonki. Wadda za ki riƙe gobe za ta yi miki fiye da haka, ita kuma ba ta ma san ta yi ba."

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne yana riƙe da rai. Akwai tulun iska na ƙarfe, da bututun da ke kawo ta baki. Akwai falmaran da ake hura wa iska in ana son tasowa, a sace ta in ana son nutsewa. Akwai ɗamarar dalma mai nauyi don a nutse, da tabarau, da takalmin iyo mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, da agogon da ke nuna sauran iska. Sai wani zoben roba ɗan mitsitsi a bakin tulun, wanda ko yatsan jariri ba zai shiga ba. In ya tsage, duk sauran kayan sun zama ado. Kowace safiya sai na buɗe kan kowane tulu na shinshina. In na ji warin mai ko hayaƙin inji, ba mai shaƙar wannan iskar, ko da jirgi zai makara. Ƙa'idojin ma kaɗan ne. Ba a riƙe numfashi. Ana sauka ana toshe hanci ana hurawa a hankali don kunne ya buɗe. Ba a tasowa da gaggawa, sai a bi bayan ƙananan kumfa, kuma a dakata kusa da sama kafin a fito, domin jini ya saki abin da ya sha. Wanda ya yi nutso yau ba ya hawa jirgin sama yau, ba ya ma hawa dutsen Ɗa'if da mota.

Da na je Jidda na ci jarrabawa aka ba ni shaida, na biyo ta gida na nuna wa Inna. Ta juya katin gaba da baya ta ce, "Allah ya ajiye ki a ƙasa mai tsarki, ke kuma ƙarƙashin ruwa kike nema? Sallarki fa?"

Na ce, "A kan jirgi muke yi, Inna. Abu Sale ne ke duba mana alƙibla."

"Gashinki fa?"

"Akwai hular roba. Ba abin da ke fita sai idona, shi ma yana bayan gilashi."

Ta miƙo mini katin ta ce, "To ki riƙa karanta Ayatul Kursiyyu kafin ki faɗa." Har na bar aikin ban taɓa shiga ruwa ban karanta ba.

Kifi ba shi ne aikin ba, mutane ne. Baƙi suna kallon murjani, duwatsun nan masu rai da ke tsirowa a ƙasan teku, ni ina kallon idanunsu da kumfar da ke fita daga bakinsu. Mai yawan surutu a kan jirgi, wadda ta ce ta yi nutso a ƙasashe kaza da kaza, ita nake ajiyewa kusa da hannuna. Mai shiru tana ta sake ɗaure abin da ta riga ta ɗaure, tsoro ne ke cinta, sai in ba ta aiki, in ce ta riƙe mini igiya. Akwai wata amarya da ta ga wani kifi mai kama da maciji ya leƙo daga rami, ta tofar da abin bakinta ta yi sama a guje. Na cafke ɗamararta da hannu ɗaya, na cusa mata bututuna na biyu da ɗaya hannun, tana yaƙushina tana naushina har muka taso a hankali. Tabon da kuke gani a haɓata nata ne. Da yamma ta aiko mini da kwalin kayan zaƙin nan baƙalawa, ta kasa zuwa da kanta don kunya. Akwai kuma ranar da dole in ce wa mutum a'a. Mace ta taho tun daga Dammam da mura a kanta, kunne a toshe, ta ce ita sai ta shiga. In ce mata yau dai sai kallo daga sama. Ta yi fushi, ta kai ƙarata wurin manaja. Ba komai, gara ta koma gida da fushi da ta koma da fasasshen kunne.

Amma fa akwai daɗi, kada in ɓoye muku. Da hantsi, idan rana ta ratsa ruwa, za ki ga murjani ja da shuɗi da ruwan hoda kamar an baje kasuwar atamfa, ƙananan kifaye masu ruwan lemo suna tashi a kansa kamar fara. Ba nauyin jiki, ba ciwon gwiwa, ba mai kiran sunanki. Na sha ganin mace ta fito ta cire tabarau tana ta subhanallah, ta kasa faɗin wani abu bayan wannan.

Sai muguwar shekara ta zo. Zafi ya yi tsanani har ruwan teku ya zama kamar wanda aka sirka don wankan jego. Muna gani murjani ya fara koɗewa, cikin 'yan makonni wuraren da na fi so suka koma fari fat kamar ƙashi. Kifi ya ragu. In kai baƙi, su fito su tambaye ni ina launukan da suka gani a hoto. Ba mu gama da wannan ba annoba ta shigo, aka rufe ko'ina. Kabtin Suhair ta koma ƙasarsu ba ta sake dawowa ba. Mu kuma muka dawo nan Utaibiyya muka zauna, a Makkar da ban taɓa gani ba, unguwar Misfala shiru, unguwar Aziziyya ba motar alhazai ko ɗaya. Abu Sale ya koma gyaran janareto da na'urar sanyaya ɗaki, ni ina soya ƙosai ana ɗauka ta ƙofa. Da aka buɗe muka koma, rabin kayanmu sun bushe sun tsage. Na shiga ruwa ni da wani abokin aiki don mu ga abin da ya rage. Wasu wuraren sun mutu, gansakuka ta rufe su. Amma a bayan tsibirin, inda ruwa ke gudu da sanyi, murjani yana nan da ransa, har da ƙananan rassa sababbi kamar yatsun yara. Daga nan muka mayar da yawancin nutsonmu can baya. Wurin ya fi kyau, sai dai ruwansa yana da ja.

A can ne abin da zan ba ku labari ya faru. Wata baƙuwa ta zo daga Ɗa'if, Ummu Nawaf, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata da ta yi ritaya, mace mai jiki, ta girme ni. 'Yarta Lama ta rako, budurwa mai ƙarfi wadda ta riga ta iya nutso. Uwar kallo ta zo yi, amma da ta gan ni da furfurata ina saɓa tulu, ta ce, "In ke kin iya, me zai hana ni?" Na koya mata a ruwa marar zurfi har ta ƙware. Ba ta da sauri, amma duk abin da aka faɗa mata sau ɗaya ya zauna. Burinta ɗaya, ta ga kififiya, kunkurun ruwan nan babba da ke kiwo a bayan tsibiri.

Ranar muka fita bayan azahar, mu uku, Abu Sale yana kan jirgi. Kafin mu faɗa na saki igiya na duba, ruwa yana tafiya a hankali zuwa kudu yadda ya saba. Muka sauka lafiya. Muna tsakiyar tafiya na ga kifaye duk sun juya kai gefe guda, lallausan murjani ya kwanta kamar ciyawa a iska. Ruwa ya sauya hanya. Kafin in ja su mu raɓe jikin dutse, ya ɗebe mu ya yi waje da mu, inda ba a ganin ƙasa, sai shuɗi ta ko'ina. Ba a faɗa da irin wannan ruwa, iska kawai mutum zai ƙarar. Na kama hannun uwar, na sa 'yar ta kama ɗamarata, muka taso a hankali, muka dakata inda ake dakatawa duk da na san kowane numfashi ƙara nesa yake yi da mu.

Da muka fito, tsibirin ya zama ɗan layi fari can nesa. Jirgi kuwa in igiyar ruwa ta ɗaga mu sai mu hango shi kamar ƙwayar shinkafa, in ta sauke mu ya ɓace. Na hura musu falmaran har suka cika, na sa muka zubar da dalma, na ɗaure mu wuri ɗaya da igiya. Na hura doguwar robar nan ja da muke ɗagawa don a gan mu, na busa usur. Iska tana kaɗowa daga wajen jirgin, ta mayar mini da ƙarar.

Lama ta ce, "Mu yi iyo mu koma! Ya Kabtin, mu yi iyo!"

Na ce, "Ba za mu iya da shi ba, ya binti, 'yata. Mu ajiye ƙarfinmu. Yana zuwa."

"Ya aka yi kika sani?"

"Mijina ne."

Rana ta yi ta dukanmu. Gishiri ya fasa mana leɓe, ƙishirwa ta taso, ƙafa ta fara sanyi duk da zafin da ke kanmu. Lama, wadda na ɗauka ita za ta taimake ni, ta fara kuka tana cewa ita ta jawo uwarta. Sai Ummu Nawaf ta daka mata tsawa irin ta shugabar makaranta. "Halas, ya isa haka! Share fuskarki. Karanta mini Tabaraka, in kin yi kuskure in gyara miki." Yarinya ta fara karantawa, uwar tana gyara mata madda. Da suka gama ta juyo kaina ta ce in faɗa mata yadda muke yin miyar kuka, tun daga farko, kada in tsallake komai. Ina riƙe da jar roba a sama, hannuna ya mutu, ina bayanin daddawa a tsakiyar Bahar Maliya.

Can sai Lama ta ƙwalla ƙara. Wani baƙin abu mai tsini ya yanko ruwa kusa da mu, wani ya biyo shi. Ni ma ban gane su ba sai da na ji hucinsu. Na ce, "Abu salama ne, ba sa cizo." Dabbobin nan ne masu wasa da jirgi, masu numfashi ta ƙoƙon kai. Suka zagaye mu, suka gaji, suka tafi abinsu.

Abin da Abu Sale ya yi, daga baya ya gaya mini. Da kumfarmu ta ɓace masa, lokacin fitowarmu kuma ya wuce, ya kira tsibiri ta rediyo ya sanar. Bai yi ta zagaye da jirgi yana ƙona mai ba. Ya ɗauki jarkar ruwa da ta rage rabi, ya jefa a teku, ya kashe inji ya tsaya yana kallon inda za ta nufa. Da ya ga ta yi yamma maimakon kudu, ya tayar da inji ya bi wannan layin a hankali, yana tsaye a kan rufin jirgi yana tuƙi da ƙafa. Ni kuma da rana ta karkata, na ciro ɗan madubin da ke aljihun falmaran ɗina na yi ta walƙa shi wajen da nake jin yake. Wannan walƙiyar ya gani.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya iso. Ya kashe inji. Ya sauke tsani, ya juya fuskarsa gefe har matan suka hau na lulluɓe su da tawul, ya miƙo ruwa ya ce a sha kaɗan kaɗan. Da na hau daga ƙarshe, ya karɓi tulun daga bayana ya ajiye. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ba ku yi la'asar ba. Alƙibla tana nan."

Washegari na tashi da niyyar taya su haɗa kaya. Manaja ma ya riga ya shirya musu jirgin ruwan komawa. Na fito na tarar da Ummu Nawaf zaune a kan gadar katako, fuska duk ta saɓule don rana, leɓe ya kumbura, ga tabarau da takalmin iyo a cinyarta.

Na ce, "Ya Ummu Nawaf, lafiya?"

Ta ce, "Jiya saman teku na wuni ina gani, shi kuwa ko ta tagar ɗakin da na sauka ina ganinsa. Ƙasan na zo gani."

Na zauna kusa da ita. Na ce ta miƙo hannu, ba ya rawa. Na tambayi kunnenta, na tambayi barcinta, na sa ta shanye gorar ruwa a gabana. Na ce yau hutu, gobe in Allah ya kai mu, kuma ba bayan tsibiri ba, gefen gabas inda ciyawar ruwa take, ba zurfi, ba ja. Ta yi ƙorafi amma ta yarda. Lama ta ce ita ta gama da nutso, kuma ta gama ɗin, ban ga laifinta ba. Amma ta biyo mu a jirgi, ta zauna a baki tana lura da kumfar uwarta, Abu Sale yana nuna mata yadda ake bi.

Mun daɗe a kan ciyawar ba mu ga komai ba, har na fara duba agogon iska. Sai ga ta, kififiya tsohuwa, faɗin bayanta ya kai faifan tuwon biki, tana tsinkar ciyawa hankali kwance. Ta ɗago kai ta dube mu da idon nan nata mai kama da na mai jin barci, ta ci gaba da kiwonta. Ummu Nawaf ta durƙusa a kan yashi, ta harɗe hannu a ƙirji, ba ta motsa ba. Na ga ruwa yana taruwa a cikin tabaraunta, na matso in gyara mata, na zaci ya shiga ta gefe ne. Ta ture hannuna ba tare da ta dube ni ba.

Na koma gefe na durƙusa ni ma, na bar ta har iskarmu ta kai inda dole mu tashi.